Sai na sayi maƙaloli kafin a ɗauke ni digiri na uku tare da kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Aikina a kan gane cutar ganyen tumatir ta hoto ne, kuma sakamakon ya kai kashi 99 cikin 100. Burina in yi digiri na uku a fannin ganin kwamfuta (koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto) a Turai, irin wanda jami'a ke yi tare da kamfani. An ce mini ba mai kallon takarduna sai ina da maƙaloli goma, ni kuwa ko ɗaya ba ni da ita. Wani ya ce in kawo kuɗi, zai sa sunana a maƙaloli biyar cikin wata guda. Ina shirin sayar da babur ɗin da nake ciyar da gida da shi, don ina tsoron kada lokaci ya ƙure mini. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bar babur ɗinka inda yake, ka daina ɗaga wayar mutumin nan.

Guraben da kake nema suna nan, kuma yawancinsu aiki ne da albashi. A Faransa akwai tsarin CIFRE tun 1981: kamfani ya ɗauke ka ma'aikaci na shekara 3, jami'a ta ba ka digiri. Ta irin wannan haɗin gwiwa Mathilde Caron ta yi nata tsakanin Facebook da cibiyar Inria, inda aikin DINO na 2021, wata hanyar koya wa kwamfuta gane hotuna, ya fito. Tarayyar Turai tana da guraben Marie Curie, ana tallata su a shafin EURAXESS, kuma ɗan kowace ƙasa zai iya nema muddin bai zauna fiye da wata 12 a ƙasar da zai je ba cikin shekara 3 da suka wuce. ELLIS, ƙungiyar masu binciken basirar na'ura (AI) ta Turai, tana karɓar takardu sau ɗaya a shekara, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tana kuma da ɓangaren da ɗalibi ke yin aƙalla wata 6 a kamfani. A Amsterdam akwai ɗakin binciken QUVA na jami'ar garin da kamfanin Qualcomm tun 2015. Babu ɗaya cikinsu da ake shiga ta hannun dillali.

To, mu dawo kan maƙaloli goman nan, don wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai wani yaro mai ƙwazo ya turo mini takardar tarihin karatunsa ɗauke da jerin maƙaloli, yana jiran in yaba, ni kuwa gabana ne ke faɗuwa. Ban san wa ya shigo mana da ra'ayin cewa ƙirga maƙaloli ake yi ba. Wataƙila daga yadda ake ƙarin girma a wasu jami'o'inmu ne, inda kwamiti ke ƙirga takardu ba tare da ya buɗe su ba. Masana fannin ganin kwamfuta ba haka suke auna mutum ba. Su a wurinsu taruka ne ma'auni: CVPR duk shekara, ICCV da ECCV suna karɓa-karɓa, sai NeurIPS da makamantansu. A CVPR kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tura ake karɓa, bayan masana sun shafe watanni suna tankaɗe da rairaya. Farfesan da ya saba da wannan ya san ɗan mastas da bai taɓa samun injin kirki ba zai yi wuya ya zo da irin wannan maƙala, kuma ba ya riƙe shi da laifi. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙarya.

Bari in nuna maka yadda abin ke faruwa. Takardarka ta iso gabansa, ya buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, ya rubuta sunanka. Sai ya ga maƙaloli biyar a wata guda: ɗaya kan tsaron intanet, ɗaya kan ciwon sukari, ɗaya kan hasashen farashin hannun jari, kowacce da marubuta goma sha wani abu daga ƙasashen da ba abin da ya haɗa su. Mujallar kuma ta karɓi aikin ran Litinin ta buga ran Juma'a. Ba ya buƙatar minti biyu ya rufe shafin. In ma tsautsayi ya kai ka ga ganawa ta bidiyo, sai ya ɗora maƙalar a allo ya ce, "Yi mana bayanin jadawali na uku, me ya sa kuka zaɓi wannan saurin koyo wajen horar da na'urar?" Me za ka ce, alhali ko karanta ta ba ka yi ba? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma kada ka ɗauka abin zai wuce. A shekarar 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin wallafa Hindawi, saboda irin wannan kasuwa. Maƙalar da aka janye ba a goge ta, tambari ake buga mata, sunanka na nan a jiki duk wanda ya bincika zai gani. Kamfanin da zai buɗe maka rumbun hotunansa na sirri amana yake nema kafin ilimi. Ka sayar da abin da ke ciyar da iyalinka, ka ba ɗan damfara, ya sayar maka da tabon da zai bi ka har tsufa? Haba ƙanena. Ko ba don Turawa ba, ai sa suna a aikin da ba ka yi ba shaidar zur ce.

Sai kashi 99 ɗinka. Ina kyautata zaton da tarin hotunan PlantVillage ka yi aikin. Waɗanda suka fara wannan gwaji a 2016 sun horar da na'urarsu da hotuna 54,306, suka sami kashi 99.35. Da suka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban, sai ta faɗo wajen kashi 31. Dalili kuwa, ganyen cikin tarin an tsinke shi ne an shimfiɗa a kan fili mai launi ɗaya. Gona ba haka take ba.

A nan damarka take. Hau babur ɗin nan ka je gonakin tumatir irin na Kadawa, inda tsutsar Tuta absoluta ta yi ɓarna a 2016. Ɗauki hotuna da wayarka cikin rana da ƙura, ganye a jikin uwarsa, ka sami malamin gona ya tabbatar maka da sunan kowace cuta. Gwada na'urarka ka ga inda ta faɗi, ka bi diddigin dalili. Ka raba hotunan horo da na gwaji gona-gona, kada hoton shuka ɗaya ya faɗa ɓangare biyu. Ɗora aikin a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja, yadda wani zai iya maimaita shi, ka rubuta rahoto mai shafi shida, har da abin da ya ƙi yi. Ka nemi zuwa taron Deep Learning Indaba na masu binciken basirar na'ura, wanda ake yi a Afirka tun 2017, don a can ake haɗuwa da masu rubuta wa mutum takardar shaida.

In an kira ka, kafin ka sa hannu ka tambayi abu biyu. Wa ke da ikon hana ka wallafa sakamako, kuma kwana nawa lauyoyin kamfani ke riƙe maƙala kafin su sake ta? Sannan in kamfanin ya rufe sashen a shekara ta biyu, wa zai ci gaba da biyanka? A rubuce kake son amsar.

Takardar sakamakon jarrabawarka kuma ka fara nemanta daga jami'arku tun gobe. Na ga waɗanda suka cika kowane sharaɗi, amma wa'adin ELLIS ya wuce fayil ɗinsu na kan teburin wani jami'i da ya tafi hutu da makullin ofis.