Jikan mai tafiya Makka a ƙasa: shin yana da haƙƙin fasfon Nijeriya?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga Alƙahira, inda yake gudun hijira tun bayan da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga birnin Wad Madani a Disambar 2023. Ya ce kakansa ya bar wani ƙauye na ƙasar Kano da ƙafa a shekarun 1930 da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira na Sudan, ya tsaya tsinkar auduga har ya yi aure ya rasu a can. An haifi mahaifinsa a 1952, shi kuma a Sudan aka haife shi, bai taɓa taka Nijeriya ba. Tambayarsa ita ce ko yana da haƙƙin fasfon Nijeriya.

Malam, Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina. Akwai yiwuwar kana da wannan haƙƙi, amma tushensa na cikin yadda Turawa suka rubuta sunan kakanka, don haka sai ka yi haƙuri mu ɗan koma baya.

A zamanin da kakanka ya kama hanya ta Maiduguri da Fotlami (N'Djamena ta yanzu) da Abeshe zuwa Janaina, mutumin Arewa ba talakan Sarkin Ingila ba ne kai tsaye kamar mutumin Ikko. Matsayinsa a doka shi ne wanda ke ƙarƙashin kariyar Ingila, domin Arewa ƙasar kariya ce. Sudan kuma tun 1899 mulkin haɗin gwiwa ne tsakanin Ingila da Masar, saboda haka Baturen Kaduna da Baturen Khartum da ƙaramin jakadan Ingila a Jidda kowa da littafinsa, kuma kowa na ɗokin ya ɗora wa ɗan'uwansa nauyin mahajjacin da ya maƙale. Bayan da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gonakin Jazira suna buƙatar hannu, hukumar Sudan ta ji daɗin gumin 'yan Afirka ta Yamma da ake kira Fallata ko Takari, amma ba ta yi hanzarin ba su matsayi ba. Su kuwa waɗanda suka ƙetare daga Sawakin zuwa Hijaz, wasunsu sun faɗa hannun masu sayar da bayi, shi ya sa a yarjejeniyar Jidda ta 1927 Ingila ta riƙe ikon 'yanta bawan da ya gudo ofishinta, ikon da ta saki a 1936. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wannan musayar wasiƙu an yi ta ne a kan mutanenmu ba tare da an tambaye su ba.

Da Sudan ta zo tsara wane ne ɗan ƙasa, a dokar 1948 da kuma ta 1957, sai aka ce dole zuri'ar mutum ta kasance zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Wannan rana ta bar ɗimbin mutanenmu a waje, har da jama'ar Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka iso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garinsu a bakin Shuɗin Nilu. Dokar da ake aiki da ita yanzu, ta 1994 da gyare-gyarenta, ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma tabon bai goge ba, kamar yadda rikicin jihar Blue Nile (Shuɗin Nilu) na Yulin 2022 ya nuna, inda aka ce wa Hausawa baƙi ne bayan sun haura shekara ɗari a wurin.

To, ga inda kake tsaye a ɓangaren Nijeriya. Kundin tsarin mulki na 1960 ya ce wanda aka haifa a waje, idan yana ƙarƙashin kariyar Ingila a ranar 30 ga Satumba 1960 kuma an haifi ubansa a Nijeriya, ya zama ɗan ƙasa a ranar samun 'yanci. Idan mahaifinka ya shiga wannan sahu, sashe na 25 na kundin 1999 ya ba ka zama ɗan ƙasa ta haihuwa, tunda ɗaya daga cikin iyayenka ɗan Nijeriya ne. Idan jami'ai suka yi gardama cewa mahaifinka ya riga ya karɓi jinsiyyar Sudan, wato takardar zama ɗan ƙasa, kafin ranar, akwai ƙofa ta biyu a sashe na 26, wato rajista ga wanda kakansa ɗan Nijeriya ne, wadda ake nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma ta fi ɗaukar lokaci.

Aikin da ke gabanka shi ne haɗa sarƙar hujja daga kai zuwa ƙauyen. Ka fara da tsofaffin gidanku tun suna raye: sunan garin, sunan unguwa, sunan dagacin wancan zamani, sana'ar gidan, har da irin tsagar fuskar kakanka, domin sau da yawa da irin wannan ne dattijon ƙauye ke gane jininsa. Ka duba cikin tsohuwar adakar gida ko gafakar Alƙur'ani, inda magabata suke adana takardar tafiya ko wasiƙar ajami daga gida. Idan aka samu dangi, su ne za su je wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, daga nan a nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Da waɗannan, da takardar haihuwarka da ta mahaifinka, za ka je ofishin jakadancin Nijeriya a Alƙahira, ka kuma sani cewa ba a ba da fasfo yanzu sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Nijeriya.

Kada ka yar da takardunka na Sudan ko ka ɓoye su, domin su ne ke nuna sunan ubanka da kakanka a jere. Kada kuma ka ba ɗan cuwa-cuwa kuɗi ya samo maka takardar wata ƙaramar hukuma da ba taku ba, domin ranar da aka gano, har ingantacciyar hujjarka za ta shiga zargi. Sannan idan ka yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ka tambayi lauyansu kafin ka karɓi fasfo, saboda wanda ke da wata ƙasa da za ta kare shi yana iya rasa matsayin ɗan gudun hijira, da duk tallafin da iyalinka ke samu ta wannan hanya. Ka sake rubuto mini da sunan gundumar kakanka da abin da ke rubuce a jinsiyyar mahaifinka, musamman shekarar da aka ba shi ita.