Tambaya da Amsa: Yaron yana tambayar babansa, mu kuma mun kasa bude baki

TAMBAYA

Salam Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Yayana soja ne, a barikin Rukuba yake kafin a tura su Borno, yau shekara shida kenan da aka bugo mana waya akace an musu kwanton bauna ya rasu, can Maiduguri aka binne shi ko gawarsa bamu gani ba, jakarsa kawai aka kawo mana da agogo. Tun daga ranar ba'a kiran sunansa a gidanmu, Mama ko hotonsa ta gani sai jininta ya hau shiyasa muka tattara komai muka kulle a akwati. Dansa yana hannunmu tunda mamansa tayi aure, yanzu shekararsa tara, rannan ya dawo daga makaranta yace min Goggo wai da gaske babana soja ne, da wa yake kama? Wlh kasa cewa komai nayi na shige daki nayi ta kuka. In fada masa ne ko in bari ya kara wayo?

Daga wata 'yar uwa, Anguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa'alaikumus salam kanwata. Allah ya jikan yayanki ya karbi shahadarsa, ya raya abin da ya bari.

Ki fada masa, kuma kar ki ja lokaci. Yaron da ya iya hada wannan tambaya ya dade yana juya ta a ransa, in baku bashi amsa ba a waje zai samo ta, wajen yara 'yan uwansa, su kuma basu san tauna magana ba.

Nasan kina ganin shirun nan da kukayi shine hakuri, ni dai ban dauke shi haka ba. Ki tuna lokacin da aka kashe Ja'afar dan Abu Dalib a yakin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da kafarsa ya taka har gidan yace a kawo masa yaran, ya rungume su hawaye na zuba a idonsa, sannan yace a dafa wa iyalin abinci. Abin da aka hana shine kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, hawaye kam babu laifi, ko a gaban yaron ya zo miki ki barshi ya zuba, a nan zai gane babansa mutum ne da ake so.

Amma kar ki fara da kwanton bauna. Ba wannan ya tambaye ki ba, cewa yayi da wa yake kama. Ki bashi labarin mutumin tukuna, yadda yake dariya, tsokanar da yake miki kuna yara, ko mai son gwate ne da safe in sanyin Jos ya sauko, kulob din da yake goyon baya, ranar da ya dawo daga depo, wajen horar da sabbin sojoji a Zariya, an aske masa kai kwal ya rame kuka kasa gane shi, irin wadannan dai, ke kika san naku. Kananan abubuwan nan su yaro ke rikewa. Maganar yadda ya rasu zata zo da kanta, in ta zo ki fada a takaice ba karya ba kari: yana bakin aiki yana kare mutane aka kashe shi.

Sai ki nemo abokansa, wadanda sukayi depo tare ko suka zauna bataliya daya, ba za'a rasa a Rukuba ba. Akwai rabin rayuwarsa da ku 'yan gida baku sani ba, tana bakinsu, ki roke su ki nadi muryarsu a waya ki ajiye wa yaron, don sojoji yau suna nan gobe an canza musu wajen aiki. Su ne kuma zasu nuna miki hanyar da zaki bi ki san kabarin, da yawa a makabartar barikin Maimalari dake Maiduguri ake binne su, ki rike lambarsa ta aiki a hannu. Ki tambaya har da batun karatu, rundunar soja nada tsarin daukar nauyin karatun 'ya'yan wadanda suka rasu a bakin aiki, hakkin maraya ne kar kunya ta sa ku bari.

Mama kuwa kar a matsa mata, ku fara a bayan idonta. Amma tsakanin kaka da jika sai Allah, abin da ta kasa fada muku wata rana maigidan nata zai zauna kusa da ita ya tambaya, ki ga bakin ya bude.

In 15 ga Janairu ta zagayo, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ki kai shi ya ga fareti ko ku kalli na Abuja a talabijin inda ake ajiye furanni a saki fararen tattabaru. Da a 11 ga Nuwamba ake yi, aka maido ta wannan rana saboda a ranar ne yakin basasa ya kare a 1970. Gaskiya ni furanni basu taba kwantar min da hankali kamar addu'a ba, ita ce ke isa ga mamaci musamman ta dan da ya haifa, amma yaro in yaga manya sun kame sunyi shiru saboda irin su babansa, akwai abin da zai shiga ransa wanda bakinki ba zai iya sawa ba.

Ki fara da akwatin nan. Ki ciro hoto daya, agogon kuma ki kai kasuwar Taminus a gyara shi, in yayi masa yawa a hannu a kara huji a madaurin.