Amsa: Wane ne Cliff Burton na Metallica?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane ne makaɗin jitar bas (jita mai kaurin sauti) na Metallica, ƙungiyar mawaƙan rock mai nauyi ta Amurka, da ya rasu yana matashi. Cliff Burton ke nan, haifaffen Castro Valley a Kalifoniya, 1962. Yana ɗan shekara 13 ya rungumi jitar bas bayan rasuwar yayansa, kafin nan kuma ya taɓa koyon fiyano.

A 1982 'yan Metallica suka gan shi yana kiɗa da ƙungiyar Trauma, suka nace sai ya bi su. Ya ce sai dai su baro Los Angeles su dawo yankin San Francisco, kuma suka taso. Da yatsu yake kaɗawa, yana taka na'urar sauya sauti har bas ɗin ta riƙa kuka kamar jitar da ke jan ragamar kiɗa. Ka saurari kiɗansu mai suna "Orion" da abin kunne, wallahi tsigar jikinka sai ta tashi.

Faifai uku kawai ya yi da su. Ranar 27 ga Satumba 1986 motarsu ta kife kusa da Ljungby a Suwidin yana barci, ya faɗo ta taga, motar ta danne shi. Shekararsa 24. Har yau abin na yi min ciwo.