Zomo da libarba a lokacin ƙanƙara

Malam, ka tambaya ko harsashin da ka ɗura da kanka zai yi farautar zomo da kurege da libarba a sanyin Amurka. Zai yi mana, amma kar ka ɗauko harsashin .357 Magnum mai cikakken ƙarfi, wallahi zai farfasa naman ne sai fata ta rage maka. Ni .38 Special nake so, harsashin wadcutter mai nauyin grain 148, kansa a baje yake, huda yake yi tsaf. Sanyi kuma yana rage wa albarushi ƙarfi, musamman irin H110 da ake ɗura wa Magnum, don haka ka gwada a ranar da ake sanyin kafin ka shiga daji. Awon albarushi ka bi littafin kamfanin da ya yi shi, ba kintace ba. Lasisin farauta na jiha ma ka sabunta.