Ɗan ƙulli kamar ƙwayar dawa ya hana ni barci, maigida ya ce raki ne

Assalamu alaikum Gwaggo, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Damagaram. Wani ɗan ƙulli ne ya fito min sama da wuyan hannu kaɗan, bai wuce ƙwayar dawa ba, ba ya girma ba ya ruwa, in ba ki ƙura ido ba ma ba za ki gan shi ba, amma ciwon da yake min Allah kaɗai ya sani, ko bakin hijabi ya goge shi sai na ji har tsakar kaina. Shekaru ke nan. Na je asibiti wannan ya ce kitse ne wancan ya ce jijiya ce, na sha magani na shafa, shiru. Duk wannan bai ci min rai ba kamar maganar maigida, wai raki ne, wai abin da ido ba ya gani ne zai hana mutum barci, kuma gaban mutane fa yake faɗa. Uwar miji ta ce ƙiwar wanki nake don na ce in ruwan randa ya taɓa wurin da asuba ko lokacin ɗari kamar in suma, sai na ɗuma ruwa nake alwala. Raki Gwaggo! ni da na haihu a ɗaka ko uhum ba a ji ba? Yanzu ya ce tunda na ishe shi zai kira wanzami ya tsaga a huta, ko dala ba zai ƙara kai wa farmasi ba. Ni ba wanzamin ya dame ni ba, rakin nan ne wallahi. In tafi gidanmu ne ko in ci gaba da haƙuri?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ba na raba aure a shafin nan kuma ban ji ta bakin maigidanki ba, amma namijin da zai kira ciwon matarsa raki gaban mutane bai kyauta ba, ko me zai zo ya faɗa. Ajiye maganar yaji tukuna. Abin da ya tsaya min a wasiƙarki ruwan randan nan ne, wanda kika ambata don kawai ki kai ƙarar uwar miji. Na tabbata ba ki taɓa faɗa wa likita ba.

Akwai wani ƙari da yawanci ba ciwon daji (kansa) ba ne, likitoci na ce masa glomus, wani likita Bafaranshe mai suna Masson ya yi bayaninsa a 1924. Yana tasowa ne daga ƙananan curin jijiyoyin jini na cikin fata masu daidaita ɗumin jiki. Yawanci ba ya kai santimita 1, ana gane shi da ciwo mai tsanani, da wuri ɗaya tak wanda in an danna da kan fil mutum sai ya zabura, da kuma rashin jure sanyi. Ƙarƙashin farce aka saba ganinsa, to in ya fito a hannu ko gwiwa sai a yi shekaru ana ce masa kitse. Ban ce shi ne ba, ba a gane cuta ta wasiƙa, amma ki nemi likitan fata ko na tiyata kuma ki fara da maganar sanyin nan tun kafin ki zauna. Za su iya yin eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, in ta kama a yi allurar kashe wuri a cire shi, a sa a kwalba da formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai labo wurin bincike, ko da sai an aika Yamai an yi jiran sakamako. In glomus ne kuma aka cire shi duka, yawanci ciwon ya tafi ke nan.

Wanzami kuwa a'a, da babbar murya. Ku ma masu karatu ku ji, ƙullin da aka yanke a zaure aka jefar, da me za a gane ko mene ne? A ido, ƙulli marar illa da mugu sukan yi kama, ga shi mu masu baƙar fata mugun ƙarin nan melanoma, wato kansar fata, ya fi fito mana a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda ba mai kula.

Ranar zuwa asibitin ki lallaɓa maigidan ya shiga ɗakin likita tare da ke, ya tsaya a danna wurin gabansa. In ya ƙi, yayanki ya kai ki.