Amsa kan maƙwabcin da ba a gani

Malam Sagiru, ka tambaya ta yaya masana za su ce akwai ƙaramin galaksi, wato tarin taurari, kusa da namu alhali babu wanda ya gan shi. Na daɗe ina koyar da fiziks a nan Daura, kuma duk shekara sai wani ɗalibi ya jefo min wannan tambayar, galibi daga bencin baya.

Ni gonar gero nake kai su. A watan Agusta gero ya shanye tsayin mutum, iska a tsaye, sai ka hangi kawunansa suna rausaya a layi guda. Dabbar ba ka gan ta ba, amma daga faɗin motsin ka san akuya ce ko sa, har inda ta dosa ka sani.

To, geron a nan shi ne iskar haidurojin da ke shimfiɗe a galaksi. Tana fitar da siginar rediyo mai tsawon santimita 21, wadda aka fara kamawa a 1951. Shimfiɗarta ta zarce inda taurari suka ƙare, can gefe inda riƙon galaksin ya yi sako-sako. Duk abu mai nauyi da ya gitta ta nan sai ya ja ta, ta yi tudu da kwari. Su kuwa ƙananan galaksin, yawancin nauyinsu ɓoyayyen abu ne da ba ya haske, taurarinsu 'yan ƙalilan. Nauyin ne ke tona musu asiri.

A 2009 Sukanya Chakrabarti da Leo Blitz a Amurka suka saka lissafin a kwamfuta, suna canza nauyin baƙon da nisansa har lanƙwasar ta yi kama da ta gefen galaksinmu. Suka samu nauyin baƙon ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin galaksinmu. Abin da ya fi burge ni, sun gwada dabarar a kan galaksin M51, wanda maƙwabcinsa a fili yake, lissafi ya nuna shi daidai.

A 2018 aka zaƙulo wani dusasshen galaksi, Antlia 2, daga bayanan kumbon Gaia, ita Chakrabarti ta ce shi ne baƙon da suka lissafa. Wasu masanan ba su sallama ba tukuna, don ba shi kaɗai ke yawo a gonar ba. Akwai ƙaramin galaksin Sagittarius, shi ma ya sha ratsa ta.