Me ya sa aka daina ganin keke Raleigh a kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubutowa. Mahaifinmu ya rasu ya bar baƙin keke Raleigh wanda ya daɗe yana zuwa gona da kasuwa a kansa. Dattawa na cewa a zamaninsu babu keken da ya kama ƙafarsa, amma yau in ka shiga shago sai na Sin da na Indiya. Me ya kashe Raleigh? Kuma in gyara wannan ne, ko in nemi sabo mai sunan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Dattawan nan ba ƙarya suka yi maka ba. Mu da muka tsufa da sifana a hannu mun san abin da ya shigo rumfa ya fita. Raleigh bai faɗi don ya lalace ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin aljihunmu a nan, a can gida Ingila kuma aka bar shi a baya.

Kamfanin ya samo sunansa ne daga wani titi a garin Nottingham, inda ƙaramin shagon farko yake. Frank Bowden ya saye shi, ya kafa kamfanin a 1888. Daga nan ya yi ta haɗiye abokan gasarsa, Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekunan BSA a 1957, har shi ma Tube Investments, masu Phillips da Hercules, suka saye shi a 1960. Kenan sunayen da iyayenmu ke musu a kansu a majalisa, wane ya fi wane, a ƙarshe duk gida ɗaya suka koma. Kasuwarsa babba kuwa ƙasashen da Ingila ta mulka ne, mu da Najeriya da Indiya da sauransu. Har masana'anta ya yi a Kano.

Abin da ya sa ya shiga ran mutanenmu a fili yake. Taya inci 28 ce, mai haye yashi da kunyar gona. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, ba waya ba, ko maƙeri zai iya miƙe shi. Sarƙa a rufe take cikin gidanta, ƙura ba ta cinta, jallabiya ba ta maƙalewa. Sirdin fata ne mai sifirin, kariya kuma ta ɗauki buhun dawa ba ta lanƙwashe ba. A Atbara, lokacin da jirgin ƙasa ke tashe, in an tashi daga aiki titi cika yake da kekunan ma'aikata. A Mai Wurno da ƙauyukan Jazira kuwa, wanda ya sayi Raleigh bayan an biya kuɗin auduga, kowa ya san ya samu shekara. Har ado ake yi masa da madubi da tuntaye, a naɗe ƙarfen da leda don kada fenti ya ƙuje.

To wannan sauƙin ƙirar shi ne ya zame masa matsala. Keke ne da babu wani sirri a cikinsa, duk mai ƙarfe da injin lanƙwasa bututu zai iya yin irinsa. Sin ta fito da Flying Pigeon a 1950 da Phoenix a 1958, Indiya ta fito da Atlas da Hero, dukansu a kan fasalin keken Ingila: tsayi ɗaya, taya ɗaya, birki iri ɗaya, baƙin fenti da zanen ruwan zinariya. Ƙarfensu bai kai ba, farin ƙarfen kan keken yana saurin tsatsa, amma suna tafiya, suna ɗaukar kaya, kuma kuɗinsu bai kai na asali ba ko kusa.

Sai kuma kuɗin ƙasa ya karye. Kafin 1978 fam ɗaya na Sudan ya fi dala biyu da rabi. Daga wannan shekara aka fara rage masa daraja, bai kuma sake miƙewa ba. Ɗan kasuwa mai neman dala da ƙyar ba zai zuba ta a kan keke goma na Ingila ba alhali kuɗin zai kawo masa ninkinsu daga Shanghai. Da haka Phoenix mai ƙarfe biyu a sama ya gaje wurin. Daga baya babur mai araha da raksha mai ƙafa uku suka zo suka ƙwace abin da ya rage, wato darajar. Saurayin da a da zai tara kuɗin keke don a gan shi, yanzu babur yake mafarki, keke ya koma na ɗan makaranta da mai kai madara.

A Ingila labarin daban ne. Mota ta riga ta raba ma'aikata da keke tun shekarun 1960. Kamfanin ya ɗan farfaɗo da keken yara Chopper, kuma a 1980 Joop Zoetemelk ya ci gasar tseren keke ta Tour de France yana cikin ƙungiyar TI-Raleigh. Amma a daidai lokacin ne keken hawan dutse ya ɓullo daga Kalifoniya, giyar Shimano ta Japan ta mamaye duniya, masana'antun Taiwan irin su Giant suka ƙware a ƙira mai sauƙin nauyi da araha. Raleigh ya bi sahu, sai dai a matsayin mai bi, da tsohuwar masana'anta mai tsadar gudanarwa. A ganina nan ne shugabanninsa suka yi sake: sun dogara da suna, alhali matasa sun daina tambayar suna, giya nawa da nauyi nawa suke tambaya. Aka sayar da shi ga kamfanin Derby a 1987, aka daina ƙera firam, wato gangar jikin keke, da yawa a Nottingham a 1999, aka rufe haɗa kekuna a can a 2002, aikin ya koma Asiya. A 2012 kamfanin Accell na Holan ya sayi sunan. Filin tsohuwar masana'antar yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce.

Don haka sabon da za ka gani da wannan suna, in ma na gaske ne ba tambarin liƙi ba, ba ɗan'uwan na mahaifinka ba ne. Keke ne na Asiya mai sunan Ingila. Yana iya zama mai kyau, amma ka duba walda da ƙarfensa ka saya, kada ka biya kuɗin suna.

Na gidanku kuwa, in firam ɗin bai tsage ba kuma tsatsa ba ta huda shi ba, ka gyara. Duba tambarin gaba, na asali ƙarfe ne mai kan zalɓe, an kafe shi da ƙusa, da sunan Nottingham a jiki. Taya da sarƙa da robar birki na Indiya ko Sin duk za su shiga lafiya. Inda za ka sa ido shi ne gindin feda da wuyan keke. Raleigh na Nottingham yana da zaren kansa, wato layukan da ake murɗa kofin boris a kai, 26 a kowane inci, sauran kekuna kuwa mafi yawa 24 ne. Kofin boris na kasuwa zai fara shiga kamar ya dace, zagaye biyu ko uku, sai ya cije. Yaron shago mai gaggawa zai sa ƙarfi ya matse, ya cinye zaren firam ɗin, daga nan kuma sai walda. Ka ce a kwance tsofaffin kofunan a wanke da kananzir, a sa sabon boris da giris, a mayar da su. In ɗaya ya fashe, a nemo daga mataccen Raleigh wurin tsofaffin masu gyara. Sirdin fatar ma kada ka yar, ka shafa masa ɗan mai ka ajiye a inuwa, ka ɗan ɗaure ƙusar da ke ƙarƙashin hancinsa in ya saki.